Ruwan shan maciji a Kano: wane iri, kuma da wane zafi?

Masu ajiye maciji a gida ba su da yawa a Kano, kuma galibinsu ba sa so maƙwabta su sani. Amma akwai su. Akwai matasan da suka sayi ƙaramar mesar nan da ke dunƙulewa ta cusa kanta tsakiyar jikinta idan ta tsorata, wadda masana ke kira Python regius. Akwai ɗaliban ilimin dabbobi, akwai gardawan da suka gaji sana'ar tun kaka da kakanni, ga kuma ma'aikatan Gidan Zoo na Audu Bako da kula da mesa aikinsu ne na kullum. Mutum na iya ƙyamar abin baki ɗaya, kuma ni kaina ba zan ba kowa shawarar ya ajiye kububuwa ko kasa ko gamsheƙa a gidan da mutane ke kwana ba. Sai dai da zarar an rufe dabba a akwati, ruwanta ya rataya a wuyan wanda ya rufe ta. Mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Kyanwa ma tana kuka. Maciji ba ya kuka, ba ya kai da komo a bakin ƙofa. Ƙishirwa za ta yi ta cin sa makonni, mai shi yana ganin lafiya lau yake.

Da yawa sun ɗauka maciji ba ya shan ruwa, wai ruwan jikin ɓeran da ya haɗiye ya ishe shi. Abin da ya sa ake wannan zato shi ne yawanci da dare yake sha, kuma shan nasa ba shi da hayaniya. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalla ya san yadda abin yake. Zai sauko da kansa a hankali ya tsoma haɓa da leɓe, bakin kusan a rufe, ba ya lasa da harshe. Idan ka ƙura ido bayan muƙamuƙinsa za ka ga naman wajen yana motsi, yana kumbura yana lotsawa a jere, ruwan kuma ko girgiza ba ya yi. Zai iya minti guda ko fiye a haka kafin ya ɗago. Wani masani a Jami'ar Lehigh ta Amurka, David Cundall, shi da abokan aikinsa sun bayyana a 2012 cewa tattarar naman da ke ƙasan bakin wasu macizai tana tsotse ruwa ta matse shi zuwa maƙogwaro. Shi kuma Harvey Lillywhite na Jami'ar Filorida ya nuna cewa har macijin da ke rayuwa a tsakiyar teku ba ya shan ruwan gishiri, jiran ruwan sama yake ya sha wanda ya kwanta a saman teku. Ya kuma nuna cewa cin abinci ƙara wa maciji ƙishirwa yake yi, don narkar da nama da fitar da dattinsa na cin ruwan jiki. Saboda haka ranar da ka ba shi ɓera da kwanakin da suka biyo baya, a lokacin ne bai kamata kwanonsa ya bushe ba.

Gaskiya ne jikinsa na da tattalin ruwa. Ba ya fitsari irin namu. Farin abin nan mai kama da alli da ke fitowa tare da kashinsa, shi ne fitsarin. Amma wannan tattalin yana da iyaka. Idan ruwa ya yi ƙaranci, farin abin zai taurare ya toshe masa hanya, a hankali kuma ya fara taruwa a ƙoda da gaɓoɓi, kuma ƙodar da ta lalace ba ta dawowa. Kafin a kai nan akwai alamu: fata ta yi yamushi, gilashin da ke rufe idonsa ya lotsa, saɓa ta riƙa fita gutsi-gutsi maimakon ta zare gaba ɗaya.

To wane ruwa za a ba shi? Yawancin shawarwarin da ke yawo an rubuta su ne a Turai da Amurka, kuma babbar muhawararsu a kan kulorin take, wato sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta. A ganina wannan ita ce mafi ƙanƙantar damuwar mutumin Kano. Masu kiwon tarwada suna da hujjar tsoron kulorin, domin kifi a cikin ruwan yake numfashi, sinadarin yana ƙona masa wurin shaƙar iska kai tsaye. Haka kwaɗo, da fatarsa yake sha. Maciji kuwa ɓawo ne ya rufe shi, ta baki ruwa ke shigarsa kamar ni da kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kulorin a ruwan sha a miligiram 5 cikin kowace lita, kuma abin da ake so ya iso bakin famfo bai kai kusa da haka ba, daga 0.2 ne zuwa 0.5. Wannan ba ya cutar da maciji. Idan ruwan ya zo da wari mai ƙarfi, a zuba a bokiti a rufe da yadi mai shara-shara saboda sauro, ya kwana ya wuni, kulorin zai fice da kansa. Ɗigon maganin da ake tallatawa don kashe kulorin an fi bukatarsa a biranen da ke haɗa shi da amoniya, don wannan haɗin ba ya tashi da ajiya. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ruwan da kulorin ya bari ba shi da sauran kariya. Kada a ajiye shi mako guda a buɗe ana ɗiba.

Matsalarmu tana tsakanin matatar ruwa da bakin kwano. Ruwa na iya barin Tamburawa ko Challawa ko Watari da tsabtarsa, amma a unguwar da famfo ke zuwa yau ya ɗauke gobe, bututun da ya zauna babu ruwa yana zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda ya tsage, kuma kowa ya ga yadda bututu ke ratsa kwata a lungunan cikin gari. Shi ya sa ruwan farko idan famfo ya dawo yake zuwa ja ko da laka. A bar wannan ya zube, a tari na baya.

Gidaje da yawa ma ba famfo suke jira ba, ɗan ga-ruwa suke jira. Babu laifi a tambaye shi cikin mutunci, "Malam, daga ina ka ɗebo?" A kuma sunsuna jarkar. Yawancin jarkokin nan na lita 25 mai aka fara zubawa a cikinsu, wasu kuwa ba a san me suka taɓa ɗauka ba. Idan ka ji warin fetur ko kalanzir ko wani sinadari, ko tafasawa ba za ta gyara ba. Rijiyar gida tana da nata haɗarin, musamman a unguwanni masu cunkoso inda tsakaninta da masai bai wuce 'yan taku ba. Ƙwayoyin cuta suna tsallakowa, haka ma sinadarin naitiret, wanda iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ce a lita. Tafasa ruwa ya yi minti guda yana ɓararraka yana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya cire naitiret, ba ya cire dalma ko kuromiyam ɗin da masana'antun jima ke aiki da shi. Hasali ma tururi ne ke tashi, su suna nan, sai ƙara kauri. Don haka wanda ke zaune kusa da Sharaɗa ko Challawa ko Bompai, ko gefen kogin Jakara da na Getsi, kada ya dogara da rijiya marar zurfi, ga macijin ko ga iyalinsa. Burtsatse mai zurfi ya fi aminci. Farin dattin da ruwansa ke bari a gindin buta ba abin tsoro ba ne, ma'adinai ne kawai, maciji zai sha lafiya.

Ruwan leda mai lambar NAFDAC ta gaskiya, ko ruwan gora, ya wadatar, kuma maciji guda ba zai sha abin da zai girgiza aljihu ba. Ruwan sama yana da kyau idan aka bar zubin farko ya wanke kwanon rufi, don ƙurar rani da kashin tsuntsaye da na ƙadangare duk a nan suke, kuma ƙadangare da maciji 'yan uwa ne wajen cututtuka, abin da ke cikin wancan yana iya kama wannan. Gara a tafasa shi. Sai ruwan da aka tace har ba sauran ma'adini a cikinsa. Wasu na cewa kashe maciji yake yi, wasu na cewa shi ne mafi tsabta. Duka biyun sun wuce gona da iri: maciji daga ƙashi da naman abin da ya haɗiye yake samun ma'adinansa, amma kuma babu wata fa'ida da wannan ruwan zai ƙara masa. Wanda zan hana kai tsaye shi ne ruwan batir na shagunan kayan mota, domin ba don sha aka yi shi ba, kuma a wurin ake sayar da mai asid. Haka ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki, wanda ya bi ta kan ƙarfe da ƙura. Taƙaitaccen ma'auni shi ne: ruwan da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka zuba a kwanon.

Akwai wani abu da ban cika jin ana ambata ba, alhali a garin nan ya fi kulorin haɗari nesa ba kusa ba: maganin sauro. Da magariba a fesa fiya-fiya ko wani maganin ƙwari a ɗaki, a ja ƙofa, kwanon ruwa yana buɗe a cikin keji mai raga. Abin da aka fesa zai sauka a ruwan, macijin ya shaƙa, ya kuma sha cikin dare. Waɗannan magunguna jijiyoyi suke kamawa, kuma jikin maciji ba ya saurin fitar da su. Sai a wayi gari yana karkarwa, yana murɗewa, kansa yana juyawa sama. Idan za a yi feshi, a fitar da kejin gaba ɗaya, kada a dawo da shi sai iska ta wanke ɗakin, a kuma sake ruwa.

Shi kansa kwanon, maciji yana bi ta cikinsa, yana kwanciya a ciki, sau da yawa a ciki yake kashi. Ka zubar da ruwan kwana biyu ka shafa yatsa a gindin kwanon, za ka ji wani santsi mai yauƙi ko da ido bai ga komai ba. Wannan gidan ƙwayoyin cuta ne, irin su Pseudomonas da Aeromonas, masu haddasa ruɓewar baki, inda dasashi ke kumbura ya yi ruwa har macijin ya daina ci. Ƙara sabon ruwa a kan tsoho ba ya taɓa wannan santsin. A sake ruwa kullum, a wanke kwanon da sabulu da sosonsa na kansa, idan ya yi kashi a ciki kuwa a take. Sau ɗaya a mako a jiƙa shi minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 30 na ruwa, a ɗauraye har warin ya ɓace, a shanya a rana. Kada a sa Izal ko Dettol. Dangin sinadarin da ke cikinsu guba ne ga masu jan ciki. Wanda ke da macizai fiye da ɗaya, kowanne da kwanonsa, domin ƙwayar Cryptosporidium, wadda ke kumbura tumbin maciji ya riƙa amayar da abinci har ya rame, ta kashi da ruwa take yaɗuwa, kuma bilic ba ya kashe ta, amma tafasasshen ruwa yana kashe ta. Kunkuru ma kada ya haɗa ruwa da maciji: yana iya ɗauke da wata ƙwayar atini da ba ta dame shi ba amma tana kashe maciji. Kuma duk wannan wanki a yi shi nesa da madafa da kwanukan abinci, a wanke hannu da sabulu. Masu jan ciki suna ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella a hanjinsu ko da lafiyarsu ƙalau, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu ciki su ne suka fi jin jiki idan ta kama su.

Yanzu batun zafi, wanda a nan ne Kano ta fi bambanta da wuraren da ake rubuto mana shawara.

Jikin ɗan Adam yana riƙe kansa a digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, ko ana hunturu ko ana bazara. Maciji ba shi da wannan. Zafin jikinsa zafin wurin da yake kwance ne, kuma narkar da abinci, yaƙi da cuta, har bugun zuciya, duk suna tafiya ne da wannan zafin. A daji ƙaramar mesa tana wuni a ramin ɓera ko cikin suri, inda zafi da laima ba sa hawa da sauka sosai. A keji ana kwaikwayon haka da gefe mai ɗumi, wajen digiri 31 zuwa 32, da gefe mai sanyi, wajen 25 zuwa 27, shi ya zaɓa. Kwanon sha a gefe mai sanyi yake zama, kuma zafin ruwan ya zama na wannan gefen. Ba sai an ɗumama ba, ba sai an sanyaya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye gorar ruwansa a rufe kusa da kejin tun dare, da safe a zuba.

Dalilin da ya sa ruwa ya fi iska haɗari shi ne yana jan zafi daga jiki fiye da ita sau 20 da ɗoriya. Macijin da ya kwanta a ruwa, cikin ɗan lokaci zafin jikinsa ya zama na ruwan. A watan Disamba da Janairu, daren Kano yana sauka zuwa digiri 13 ko ƙasa da haka, kuma ruwan randa ko na durom da ya kwana a tsakar gida ya fi haka cizo da asuba. Idan aka kamfato wannan aka zuba wa macijin da ya haɗiyi ɓera jiya, narkewar abinci na iya tsayawa, naman ya fara ruɓewa a cikinsa, ya amayar. Amai ɗaya yana galabaitar da maciji makonni. Sanyin da ya daɗe kuma yana buɗe ƙofar ciwon huhu, kuma maciji ba ya iya tari, majinar da ta taru ba ta da hanyar fita. Za ka ji yana wani siririn fito idan yana numfashi, ka ga kumfa a baki ko hanci, ya ɗaga kai ya buɗe baki. Ruwan leda da aka ciro daga firji ko kular ƙanƙara shi ma haka ne, ko da a tsakiyar bazara.

Amma zafi ya fi sanyi saurin kisa. Sanyi yana ba da kwanaki a gyara, zafi sa'o'i ne, wani lokacin ma ba ya kaiwa. A watan Afrilu da farkon Mayu rana tana haura digiri 40 a Kano, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba silin ya fi waje zafi, ruwan baƙin tankin da ke saman gini kuwa da azahar kowa ya san ba ya taɓuwa. Ƙaramar mesa tana shiga matsala idan ta daɗe sama da digiri 35, kusa da 40 kuwa rai ake magana. A irin wannan rana kwanon ruwa ne mafakarta ta ƙarshe, za ta shige ta naɗe a ciki. Idan ruwan ma ya yi zafi, ba inda za ta. Don haka a bazara a sauko da kejin ƙasa, a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da taga. A sa kwano mai faɗin da zai ɗauke ta duka, a sake ruwan da rana tsaka. A wannan lokacin ruwan randa yana da amfani, in an auna an ga bai yi ƙasa da 24 ba. Idan an ɗauke wuta kuma zafi ya tsananta, a naɗe gorar ƙanƙara a tawul a jingina ta a wajen kejin ta gefe guda, a lulluɓa jiƙaƙƙen zane a sama. Kada a jefa ƙanƙara cikin ruwan shan.

Hannu ba ma'auni ba ne, kuma wannan ne wurin da masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Fatar hannunmu tana wajen digiri 33, don haka duk ruwan da ka taɓa ka ji ɗumi ya riga ya wuce haka. Ruwan da uwa za ta taɓa ta ce ya yi daidai da wankan jariri, ya yi wa maciji zafi. Wanda ya dace da shi, a hannunka ba za ka ji ɗumi ba, sai ma ɗan sanyi-sanyi. Ƙaramin ma'aunin zafi irin na masu ƙyanƙyasar kaji ko na masu kifin ado ba shi da tsada, kuma shi kaɗai ne zai faɗa maka gaskiya.

Inda ake bukatar ruwa mai ɗan ɗumi shi ne jiƙo, idan saɓa ta maƙale. Hunturu ne ke kawo wannan, domin laimar iska a Kano tana faɗuwa ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali ƙaramar mesa tana son kusan kashi 60, fiye ma idan idonta ya yi fari-fari za ta yi saɓa. A sa ruwa mai digiri 27 zuwa 30 a roba mai murfi da huji, zurfinsa kada ya wuce kaurin jikinta, minti 15 zuwa 20, kana tsaye a wurin, ba kuma cikin kwana 2 da cin abinci ba. A ɗakin hunturu ruwan yana hucewa da sauri, sai a riƙa dubawa. Kada a ɓanɓare saɓar da ƙarfi, balle wadda ta maƙale a ido. Ni dai na fi son a hana abin faruwa tun farko: a rufe yawancin ragar saman kejin, a sa ƙaramin akwatin ɓuya da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta a ciki, a ƙara kwano na biyu a gefe mai ɗumi don tururinsa ya jiƙa iska, amma a san cewa shi wannan ya fi saurin yin yauƙi. Kaskon ƙasa yana da nauyi, ba ya kifewa, yana kuma sanyaya ruwa, abin so a bazara amma ba a hunturu ba, ga shi yana shan datti a jikinsa. Tangaran mai nauyi ya fi. Da damina kuma sai a juya: kwano ɗaya ya isa, a kula kada shimfiɗa ta zauna a jiƙe, don tana sa ɓawon cikinsa ya yi ja ya ruɓe.

Idan ka ga maciji ya tare a kwano kwana da kwanaki, ba zafi ake ba, ba saɓa zai yi ba, ɗaga shi ka duba gindin ruwan da fitila. Baƙaƙen ɗige-ɗige da ba su fi kan allura ba ƙwari ne masu shan jini da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo da gefen ido, nutsar da su yake ƙoƙarin yi. Kada a kai hannu ga maganin ƙwarin gida ko na kaji. Wannan, da fito a numfashi, da amai sau biyu a jere, da kumburin baki, duk na likitan dabbobi ne, kuma idan na kusa bai saba da masu jan ciki ba, a nemi ya tura ka asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A tafi da shi cikin jakar yadi a akwati mai huji, da sassafe kafin mota ta yi zafi, a riƙe kashinsa na baya-bayan nan a leda don gwaji.